Kawu da Garin da Ba a Faɗin Sunansa

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Na faɗi haka a bakin ƙofar ɗakin asibiti ranar Laraba da hantsi, na sake faɗa washegari a maƙabarta, amma har yau zuciyata ba ta bi bakina ba. Kawu ya rasu, yayan mahaifiyata, mutumin da ya tarbe ni a ƙasar nan. Ya tafi alhali akwai wata magana da na riƙe masa shekara bakwai ban faɗa ba.

A gidansu aka yi zaman makoki, hawa na tara a wani dogon bene a Silver Spring, kusa da Washington. Takalma suka cika lungun benen har ƙofar maƙwabta. Tsofaffin abokan aikinsa na gidan rediyo ne suka fara zuwa, domin a sashen Hausa ya yi rayuwarsa kafin ya yi ritaya. Wani dattijo ɗan Nijar da suka daɗe tare ya zauna a kan darduma yana share ido da bakin rawani.

"Wallahi shekara da shekaru muna biro guda, ofis ɗaya da shi," in ji shi, "ban taɓa jin ya yi tuntuɓen harshe a labarai ba. Amma in kana son ka makara, to ka tambaye shi labarin garin nan nasa."

Aka yi dariya, irin wadda hawaye ke biyo bayanta. Wani likita daga Gaithersburg ya ce shi ma ya taɓa faɗawa tarkon, daga gaisuwa a bakin masallaci sai da la'asar ta same su a tsaye. Wata 'yar Gana mai shagon da Kawu ke sayen goro ta ce ita har ta haddace inda ɓaure yake da inda ramin ruwa yake. Liman bai yi dariya ba. Cewa ya yi a nemo masa wanda zai maye gurbin Kawu a wankan gawa, don shi bai ga kowa ba. 'Yar Kawu, wadda aka haifa a nan, ta ja ni gefe tana kuka, ta tambaye ni da Turanci yadda za a yi da taswirorin da ke naɗe a bayan kujera. Ni kuwa na ɗauki aikin raba ruwa, ina kai da kawowa tsakanin kicin da falo, don kada wani ya ce in tashi in yi magana a kansa.

Ga wanda bai san Kawu ba, dole in faɗi abin da ake nufi da garin nan.

Kakan mahaifinsa, wanda muke kira Malam Babba, malami ne Bakano da ya fita aikin hajji a ƙafa tare da ayari tun kafin Bature ya ci Kano. Bayan sun sauke farali sai suka nausa arewa don ziyarar Ƙudus, ba su kuma dawo ba. A kan wani tudu a ƙasar Sham, lokacin da mulki ke hannun Turkawan Usmaniyya, wani mai ƙasa ya ba su wurin noma. Suka ɗora gidajen dutse da ba su kai ashirin ba, da masallacin da sahu uku ke cika shi. Ba su da rijiya, sai wani ramin dutse da ke tara ruwan sama, da ɓaure biyu a gefensa. Hausa a cikin gida, Larabci a kasuwa. A nan aka haifi kakar Kawu, a nan ta auri ɗan Malam Babba. Mu dai da Iya Ta-Sham muka san ta, ko da yake ni ban riske ta ba.

Kawu yakan ba da labarinta da muryarta, har da yadda take jan magana. Wai sun yi kewar daddawa har wata tsohuwa ta gwada yin ta da waken ƙasar, gari ya kwana uku yana wari, Larabawan ƙauyen kusa suka aiko tambaya ko wata dabba ce ta mutu. Wai tuwon sha'ir suke ci, yara kuma ba su san dawa ba sai a bakin iyaye.

Sai babban yaƙin duniya na farko ya zo. Sojojin Turkawa suka hau tudun suka kwashe maza, har da mijin Iya, kuma babu wanda ya dawo. Suka sake zuwa suka kwashe jakuna da alkama. Bayansu fara ta sauka ta cinye har ɓawon ɓaure, sannan ciwon ciki ya shiga yara. A lokacin Malam Babba ya makance. Ranar da ya cika babu namiji baligi ko ɗaya a garin. Mata ne suka haƙa kabarin da fartanya da kwanon abinci, su suka ɗauke shi, su suka rufe. Iya ta ce sun tsaya sun yi abin da suka iya, amma ba su san ko ta karɓu ba, domin babu wadda aka taɓa koya wa sallar gawa a cikinsu. Bayan 'yan kwanaki suka toshe ƙofofi da duwatsu suka gangaro. Iya ta goyo ɗanta, mahaifin Kawu, ta bi ta Masar da Sudan tana aikatau a hanya, har ta iso Kano, garin da ba ta taɓa gani ba.

Abin da Kawu ke so abu ɗaya ne, kuma bai taɓa ɓoye shi ba. Yana so namiji ɗaya daga jinin Malam Babba ya je ya tsaya a kan kabarin nan ya yi masa salla. Amma ba ya iya zuwa, domin bai san sunan garin ba.

Larabawan wurin sun laƙaba wa Malam Babba wani suna nasu, kowa da shi yake kiransa, kuma da shi aka riƙa kiran garin. Iya kuwa surukarsa ce. Mace irin ta da ba ta kama sunan uban mijinta, ko da a bayan idonsa, ko da ya shekara hamsin a ƙasa.

"Mukan tsokane ta, mu jikoki," Kawu yakan ce. "Iya, ya sunan garinku? Sai ta ja mayafi ta rufe baki ta ce, garin Malam. Iya, ai shi muke tambaya. Sai ta ce, ku tashi ku ba ni wuri, marasa kunya, ni ce zan kama sunan surukina? Mu yi ta ƙyaƙyata dariya. Dariya muka yi ta yi, Likita, har ta mutu."

Likita yake ce min don tsokana. Ni gwajin jini nake yi a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti a Largo, kuma ya sani sarai.

Da ya yi ritaya sai abin ya zama aikinsa. Talata da Alhamis zai sa babbar riga, ya ɗora kwat a kai in sanyi ake yi, ya hau jirgin Metro zuwa babban ɗakin karatun gwamnati da ke cikin Washington, sashen taswira. Yana da gilashin ƙara girman rubutu da yake ɗaurawa a zare kamar carbi. Yana ɗan shekara saba'in ya zauna gaban wani dattijo Baturke mai gyaran darduma ya koyi karanta tsohon Turkanci na baƙin Larabci. Wahalar ita ce tuddan ƙasar cike suke da kangaye masu sunan mutane, kufan wane, kufan wane. Kowanne ya gani sai ya rubuta a littafinsa, ya zo gida ya shimfiɗa taswira a kan tebur, matarsa Inna ta rasa inda za ta ajiye abinci.

Ba mai sauƙin zama ba ne, kada in yi masa ƙaryar da ake yi wa matattu. Yana gyara wa mutane Hausa a tsakiyar magana. In ɗan wani ya amsa gaisuwa da Turanci, uban yake yi wa faɗa. Ranar da 'yarsa ta kawo masa kwalbar nan da ake tofa yawu a aika a gano asalin mutum, ya juya ta a hannu ya ce, "To, yawun nawa ne zai faɗa musu abin da Iya ta ƙi faɗa?" Ta yi fushi ta ce ita dai taimako take so ta yi. Ya zuba goron da ya ɓare a cikin kwalbar, aka yi sati biyu ba sa magana.

Amma in Bahaushe ko Bazabarme ko ma wanda ba a san ƙabilarsa ba ya mutu a yankin nan babu dangi, Kawu ake kira. Direban tasi da ya faɗi a mota, ɗalibin da ya zo karatu, tsohuwar da aka kawo magani. Zai naɗe hannun riga ya yi wankan da kansa, ya kira mutane ɗaya bayan ɗaya a waya har sai sahu ya yi uku. Na taɓa ce masa ya rage, jikinsa ba ya ɗauka. Ya ce, "A gidanmu an taɓa binne mutum babu maza. Ba za a sake ba in ina numfashi." Lokacin da na iso ƙasar nan ma, wata takwas na yi a falonsa, kwat ɗinsa na sa sanyin farko, kuma ko sau ɗaya bai tambaye ni yaushe zan tashi ba.

Yanzu na zo wurin da nake ta kewayewa.

Wata Lahadi da rana ina wanke mota a ƙofar gidana a Largo, sai na hango Kawu yana tahowa a ƙafa daga tashar jirgi, babu hula, yana haki. Bai kira ba, bai yi sallama ba. Ya kama min wuyan riga da hannu biyu.

"Likita, ina layarka?"

Na ce, "Wace laya, Kawu?"

Ashe da safen ya kira Gwaggo a Kano, ƙanwar mahaifinsa, 'yar da Iya ta haifa a aurenta na biyu. Ya sha tambayarta sunan garin, ita ma ba a taɓa faɗa mata ba. Ranar nan cikin hira sai ta ambaci wata takarda mai hatimi da Iya ke ajiye da ita a ƙunshin tsumma, wadda hukumar Turkawa ta ba ta don ta wuce hanya. Irin takardar nan dole a rubuta sunan mai ita da garin da ya fito. Su Gwaggo ba su san haka ba. Sun ga baƙin Larabci, sun san daga ƙasa mai tsarki ta zo, sai suka ɗauka addu'a ce. Da aka haife ni ina yawan shiɗewa, Gwaggo ta ba baduku ya ɗinke ta a jar fata, aka rataya min a wuya.

"Garin na wuyanka, ɗan nan," Kawu ya ce, idonsa cike da ruwa, yana dariya. "Ina ta yawo a taswira, ashe garin na wuyanka. Ina take?"

Na san inda take. Ina shekara ta biyu a jami'a na dawo hutu da sabon ilimi, na ɗage wando, kowa a gidan ya zama mai laifi a idona. Wata rana ƙannena suna makaranta na buɗe adakar mahaifiyata Umma, na kwaso duk wata laya da ke ciki, na zuba a murhu a tsakar gida. Umma ta fito da gudu daga ɗaki ta riƙe min hannu. Ta ce, "Ka ƙona sauran, ka bar min jar nan, ta Iya ce." Na amsa mata da wani Larabcin da ko fassara shi ban gama iyawa ba, na jefa. Fatar ta tsage a wuta. Da idona na ga takardar ta buɗe, na ga hatimi zagayayye da siririn rubutu a karkace, ba irin hannun malamanmu ba. Na sa kara na tura ta tsakiyar garwashi. Ba hukuncin laya nake magana yau ba, malamai na nan. Abin da na sani shi ne ban buɗe ba, ban tambaya ba, kuma uwata ta roƙe ni. Umma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba har ta koma ga Allah, shekara uku kafin wannan Lahadin.

Kawu na riƙe da wuyan rigata, ruwa na zuba daga tiyo a kan takalminsa, na ce, "Kawu, ai rabona da ita tun ina firamare. Ina jin tana cikin kayan Umma."

Na sha gaya wa kaina cewa tausayinsa na ji, ban so in kashe wannan murnar a fuskarsa ba. Akwai wannan. Amma babban dalilin shi ne tsoro. Ina jin daɗin yadda yake kallona, ban kuma so ya daina ba.

Daga ranar Kawu ya bar taswira ya koma laya. An raba kayan Umma tsakanin ƙannena mata, adaka ta tafi Gusau, kwalla ta tafi Zariya. Ya sa aka zazzage komai. Da ba a samu ba sai ya kira Gwaggo, tsohuwar da ta goya shi, ya ɗaga mata murya a waya, "Kun ɗinke min gari a fata kun yar!" Gwaggo ta yi kuka ta ce ita lafiyar yaro ta nema. Sannan ya juya kan ƙanwata ta Gusau, ya ce sakacinta ne, ita aka ba adaka. Yarinyar nan ta kira ni tana rantsuwa da Allah ba ta taɓa ganin jar laya ba. Na ce mata ta yi haƙuri, tsufa ne. Shekara biyu Kawu ba ya amsa gaisuwarta, ina ji ina gani, bakina a rufe.

Da yaƙi ya sake ɓarkewa a wani yanki na ƙasar Sham sai ya ƙara rikicewa. Zai zauna gaban talabijin, ba ya sauraron mai rahoto, tuddan da ke bayansa yake dubawa. Yakan ce, "In suka bi ta kansa da motar yaƙi fa? In suka baje shi kafin in je?" Inna ta ce abinci ma sai ta tsaya a kansa yake ci.

Bayan an yi masa aikin zuciya likitoci suka hana shi doguwar tafiya. Wata huɗu bayan haka ya shirya jaka, zai tafi Kano neman layar da kansa. Inna ta ɓoye fasfo ɗinsa a cikin buhun shinkafa, ya yi kwana biyu ba ya cin abincinta, ta fito da shi tana kuka. Ita ta kira ni ta ce, "Kai yana jin maganarka, ka hana shi." Na je, na zauna, na yi masa bayanin jini da hawan jirgi da kumburin ƙafa. Magana ɗaya ce za ta hana shi tafiya, kuma ita ce ban yi ba. Ni na kai shi filin jirgi.

A Kano ya fara zuwa ya durƙusa gaban Gwaggo ya nemi gafara, sannan ya tare a tsohon ɗakin Umma. Dangi suka riƙa kawo masa duk layar da ta rage a gidajensu, yana farke su da reza ɗaya bayan ɗaya a kan tabarma. Ayoyi ya samu, da hatiman malamai, da wani guntun saiwa. Ya dawo ya rame, ƙafafunsa ba sa shiga takalmi. A hanyarmu daga filin jirgi ya ce, "Ka san inda ba a duba ba? Rufin ɗakin. A da mata sukan cusa abu tsakanin azara." Muna tsaye a danja. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, har na ce, "Kawu." Ya juyo ya ce, "Na'am?" Na ce masa ya gyara bel ɗin kujerarsa.

Kwanciyarsa ta ƙarshe a asibitin da nake aiki aka yi. Jininsa ta hannuna ya bi, don haka na riga likitocinsa sanin inda aka dosa. Ranar Talata da safe na hau wurinsa kafin in fara aiki. Ya aiki Inna ta samo masa shayi, wanda ba zai iya sha ba, don dai ta ba mu wuri.

"Matso, Likita. Kai ka rataya layar, kai za ta dawo wa. In ta fito kada ka jira kowa, ka tafi. Kabarin na gabas da ramin ruwa, tsakanin ɓauren biyu, in ɓauren na nan. Ka fuskanci alƙibla ka yi masa kabbara huɗu. Ka ce masa mun makara, amma ba mu manta ba."

Na ce, "To, Kawu."

"Ba to nake so ba. Alkawari."

"Na yi alkawari."

Ya lumshe ido, ya ce, "Na dame ku da yawa a kan abin nan. Ka yafe min."

Shi ne ke neman gafarata. Na ce, "Ba ka yi min komai ba, Kawu. Ni ma ka yafe min."

"Kai me ka taɓa yi min? Na yafe, duniya da lahira."

Ƙofa a buɗe take a lokacin, ya ma tambaya da bakinsa. Sai na ji takun Inna a waje, na ce lokacin aikina ya yi. Washegari da hantsi ya cika, ina ƙasa ina gwada jinin wasu.

Bari in yi masa addu'a a nan, don bayan abin da ya rage ba na jin ina da bakin yin ta. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya sa wankan da ya yi wa baƙi ya wanke shi. Allah ya jiƙan Iya da kunyarta, da Umma da rufin asirinta, da matan da suka haƙa kabari da kwanon abinci, da tsohon da ke kwance a kan tudun nan babu wanda ya san hanyarsa.

Ranar sadakar arba'in, bayan mutane sun watse da la'asar, Inna ta ce in tsaya. 'Yarta ta riga ta haɗa taswirori da littattafan a kwalaye huɗu a bakin ƙofa. Inna na zaune a kan darduma cikin kayan takaba, carbi a hannu.

"Ya ce naka ne," in ji ta. "Kuma ƙanwarka ta Gusau ta kira jiya. Sun yi shawara da sauran, ranar Asabar za su sa magina su sauke rufin ɗakin Umma. Ta ce ko ba a samu komai ba, a san dai ba ita ta yar ba."

Na ce, "Inna, kada su sauke."

"Don me?"

Na durƙusa a gabanta. Na faɗa mata duka, murhun, da roƙon Umma, da karan da na tura takardar da shi, da Lahadin wankin mota, da danja. Ban ɗago kai ba sai da na gama. Carbin ya tsaya a hannunta. Ta daɗe tana kallon kwalayen.

"Tun ranar da ya je Largo ka sani?"

"Tun kafin ranar, Inna."

"Da ka kai shi filin jirgi, ka sani."

"Na sani." Sai na ji kaina ina cewa, kamar mai neman wurin ɓuya, "Amma ya yafe min a asibiti. Ya ce duniya da lahira."

"Ya yafe wa yaron da ya sani," in ji ta. Ba ta ɗaga murya ba. "Ni na zauna da mutumin nan shekara arba'in da ɗoriya. Da ka faɗa masa, zai zage ka tas, ya yi kwana uku ba ya cin abinci, ranar ta huɗu ya kira ka ya ce ka zo ka kai shi masallaci. Da ya haƙura. Da ya zauna. Shekara bakwai ɗin nan namu ne, ni da shi, su ne suka rage mana."

Ta miƙo min wayarta.

"Kira ƙanwarka yanzu, a gabana, ka faɗa mata da bakinka. Ita tana da rai, za ta iya ji." Ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar, ta gyara mayafi. "Ni zan yi ƙoƙari in yafe maka, ka ba ni lokaci. Shi kuwa, ɗan nan, ban san inda za ka same shi ba."